Ajiyar Bayanai da Hasken Leza: Me Fasahar Hologram Za Ta Tsinana wa Arewa?

Duk hoton da mai waya a Zakka ko Batsari ya ɗora a Facebook, yana zuwa ne ya zauna a wani katafaren gini da ake kira cibiyar ajiyar bayanai. A ciki dubban na'urori ke aiki dare da rana, ga na'urorin sanyaya su. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya.

Da yawa daga cikin abin da ke ajiye a can ba a cika buɗe shi ba, amma faifan da yake ciki na ci gaba da juyawa yana shan wuta, kuma bayan 'yan shekaru dole a sake shi. Nan ne fasahar hologram ta shigo.

Faifan CD ko na kwamfuta a saman fuskarsa ake rubutu, ɗigo bayan ɗigo. Ita kuwa wannan fasaha, cikin jikin abin take rubutu. Ana raba hasken leza gida biyu: ɗaya ya ɗauko shafin bayanai mai ɗigo kusan miliyan ɗaya, ɗayan ya zo babu komai. Inda suka haɗu a cikin wani lu'ulu'u ko roba mai jin haske, sai su bar zane. Idan aka ɗan karkata hasken, sai a rubuta wani shafin a wuri guda. Da haka ƙaramin abu ke ɗaukar shafuka masu ɗimbin yawa, a kuma karanta shafi sukutum lokaci ɗaya. Da zarar an rubuta, ba ya buƙatar wuta don ya riƙe abin da ke cikinsa.

Tunanin ya daɗe. Dennis Gabor ne ya ƙirƙiro hologram a 1947, ya samu kyautar Nobel a 1971. A 1963 Pieter van Heerden na kamfanin Polaroid ya kawo shawarar ajiye bayanai da shi. Kamfanin InPhase na Amurka ya fito da faifai mai cin gigabait 300, sai dai kuɗin na'urar karanta shi ya kai dala 18,000, kuma a 2011 kamfanin ya durƙushe. A 2020 Microsoft ya bayyana aikinsa na Project HSD, wanda ke amfani da lu'ulu'u da ake iya gogewa a sake rubutu. Babban ƙalubalen shi ne, a wasu lu'ulu'un yawan karantawa na dusashe rubutun, kuma ɗan motsi kaɗan na iya karkatar da hasken.

Ga Arewa, batun ya wuce sha'awar kimiyya. Galaxy Backbone na da cibiyar ajiyar bayanai a Kano, kuma irin wannan wuri ba ya jure ɗaukewar wuta ko ta minti ɗaya. A Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Kano da Katsina da wasu jihohin sun yi kwanaki cikin duhu. A irin wannan hali janareta da dizal ne ke riƙe da komai. Takardun filaye, bayanan asibitoci, da hotunan tsofaffin littattafan ajami da ake ɗauka don adanawa, duk abubuwa ne da ake so su shekara hamsin ba tare da sun ci kuɗin mai ba.

Har yanzu dai babu faifan hologram a kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma manyan ma'ajiyai na duniya da kaset ɗin maganaɗisu suke dogara wajen ajiya mai dogon zango. Kafin fasahar ta iso, mai muhimman takardu gara ya ajiye kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani gari daban.