'YAR TSUNTSUWAR DA FARIN ƘASARMU YA GIRGIZA TURAI A KANTA

Duk wanda ya saba bin gefen ganuwar birnin Kano da hunturu, ko ya ratsa ƙayoyin da ke wajen gari, ya yiwu ya taɓa ganin wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro tana tsalle cikin rassa. Baƙuwa ce. Turawan Ingila suna kiranta Whitethroat, nauyinta kuwa bai wuce giram 15 ba. A Turai take ƙyanƙyasa, sa'an nan ta ƙetaro hamadar Sahara wajen watan Satumba, ta zauna a ƙasashen bakin hamada har watan Maris ko Afrilu.

A shekarar 1969 masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga abin mamaki, watau fiye da kashi biyu cikin uku na waɗannan tsuntsaye ba su koma gida ba. Aka yi ta neman dalili, har a 1974 wasu masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka nuna cewa tushen abin yana nan Afirka ta Yamma: ƙarancin ruwan daminar 1968. Wannan shi ne mafarin farin da ya tsananta a 1973, ya halaka dabbobi, ya kuma koro dubban mutane daga ƙasar Nijar zuwa Kano da sauran garuruwa. Ashe tsuntsuwar ta riga hukumomi ba da labari.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kafin ta koma, dole ne ta tara kitsen da zai ɗauke ta tafiyar kusan kilomita 2,000 a kan rairayi. Abincinta ƙwari ne da 'ya'yan itatuwa irin su asawaki. In damina ta gaza, ƙwari su yi ƙaranci, itatuwa su ƙi 'ya'ya, sai ta tashi da rama, ta faɗi a hanya.

Tun da ruwa ya fara gyaruwa bayan farin 1984, yawanta ya ɗan farfaɗo a Ingila, amma har yau bai kai na da ba. Yanzu kuma gatari ya shiga cikin maganar. Ana sare itatuwa don itacen girki da gawayi, a cikin birnin Kano kuwa an cike kududdufai da yawa an yi gine-gine a kansu, fili ya ƙare wa tsiro.

Duk da haka akwai abin koyi a maƙwabta. Tun daga 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka rungumi dabarar barin kututture ya sake toho a gona, suna sassabe shi da kulawa, har gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a Maraɗi da Damagaram.

Ya kamata ma'aikatan gandun daji da 'yan makaranta su lura da wannan baƙuwa. Itacen da ke ciyar da ita, shi ne ke tare wa gonar talaka rairayi. Ranar da aka daina ganinta a bayan ganuwa, ba ita kaɗai abin ya shafa ba.