Hadda Kaɗai Ba Ta Fitar da Likita

Duk ɗalibin da ya karanto likitanci a Sudan, Masar ko Indiya, in ya dawo Najeriya ba zai duba majinyaci da sunan likita ba sai ya ci jarrabawar hukumar MDCN mai ba likitoci lasisi. Amurka ma tana da tata, USMLE, mai matakai 3. Da jarrabawa ta ƙarato, ɗalibai da dama sukan tattara tsofaffin tambayoyi su duƙufa kan hadda, su jingine fisiyoloji, wato ilmin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. A ganina ganganci ne, domin a kansa aka ɗora ilmin magunguna gaba ɗaya.

A ɗauki propranolol, maganin zuciya da hawan jini wanda James Black ya samar a shekarun 1960, aikin da yana cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1988. Sinadarin adirenalin yana da masauki a zuciya, inda yake sa ta sauri, yana kuma da wani a hanyoyin numfashi, inda yake buɗe su. Propranolol yana toshe duka biyun. Mai hadda ya san layi ɗaya tak: kada a ba mai asma. Wanda ya gane dalili kuwa, shi da kansa zai hango cewa ƙirjin mai asma zai toshe, zai gane abin da ke sa salbutamol, maganin shaƙa na asma, ya kawo bugun zuciya da rawar hannu, zai kuma yi hattara da mai ciwon suga da ke allurar insulin, tunda propranolol na iya ɓoye bugun zuciyar da ke gargaɗinsa cewa sugansa ya faɗi. Tambayoyi uku ke nan da fahimta ɗaya ta amsa. Hatta ruwan gishiri da sikari da kowace uwa ta sani daga fisiyoloji ya fito: a 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji na tsotse sikari tare da gishiri, ruwa kuma ya bi su. A 1971 Dilip Mahalanabis ya ceci rayukan 'yan gudun hijirar Bangaladash da wannan ruwan gishiri da sikari, lokacin da kwalara ta ɓarke kuma ruwan ƙari ya yi ƙaranci.

Masu ja da wannan suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Sukan ce lokaci ƙanƙane ne, ga iyaye sun zuba dukiya, kuma yawan maganin da za a ba jariri ba a gano shi da tunani, sai an haddace. Gaskiya ne, hadda dole ce a wasu wurare, tsofaffin tambayoyi kuma suna nuna wa ɗalibi inda yake da rauni. Sai dai masu tsara jarrabawa sukan kawo labarin majinyaci ne: dattijo mai hawan jini ya fara shan lisinopril, ga busasshen tari ya hana shi barci. Da an sauya maganin ko shekarun, mai hadda ya rikice, amma wanda ya san yadda sinadarin bradykinin ke taruwa a jikin mai shan irin wannan magani ba zai girgiza ba.

Wasu kuma sukan kafa hujja da cewa tun Janairun 2022 Amurka ta daina bayyana maki a matakin farko na USMLE, sai dai a ce an ci ko an faɗi, don haka ba sai an wahala da fisiyoloji ba. Abin da ya jawo haka shi ne yadda asibitocin horar da ƙwararru suka mai da makin ma'aunin zaɓen likitoci, har ɗalibai suka koma tseren lamba. Amma darussan fisiyoloji suna nan yadda suke, kuma mataki na biyu, wanda har yanzu ake ba da maki a cikinsa, cike yake da majinyatan da sai an san aikin ƙoda, huhu da zuciya kafin a zaɓa musu magani.