Tsuntsayen fadama a tsakiyar bazara

A watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Kano ke haura digiri 40, kududdufan Gaya da Ajingi sukan ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage sai ɗan ruwan da ke kwance a fadamun Kogin Hadeja, daga Wudil har ya nufi Ringim. Nan tsuntsaye ke taruwa, don kifi da kwaɗi sun matsu a wuri guda. Mai son kallonsu ba ya buƙatar tafiya mai nisa, sai dai sammako. Da hantsi ya ɗaga, yawancinsu sun shige inuwa.

Wanda ya daure ya kai azahar kuwa zai ga abin mamaki. Tsuntsu ba ya gumi. Shi ya sa za ka ga zalɓe tsaye, baki buɗe, fatar maƙogwaronsa na kaɗawa da sauri: danshin da ke ciki ne yake busarwa don jininsa ya huce. Balbela ma haka take yi. Dabarar shamuwa da danginta ta fi ban al'ajabi, domin kashi suke yi a kan ƙafafunsu, idan ya bushe ya tafi da zafin. Farin da ake gani a ƙafar ke nan. Zakaran ƙeƙuwa, da ke ƙwai a tsurar ƙasa, yakan jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya lulluɓe ƙwan, kada rana ta dafa shi.

Bazara kuma lokacin musayar baƙi ce. Agwagin ruwa da suka yi hunturu a nan suna komawa Turai da Asiya a Maris da Afrilu, shamuwa kuma tana isowa daga kudancin Afirka gab da damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari ba mai taɓa ta. Manomi ya san ganinta na nufin a gyara gona.

A gabas an ba wannan dukiya matsayi. An sa dausayin Nguru cikin jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya a 2000, na Baturiya a Jigawa kuma a 2008. Ruwan da ke ciyar da su ta ƙofarmu yake wucewa, amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

Ban ga laifin mai noman rani da ke jan ruwa da inji ba, abincinsa ke nan. Abin da ke damuna shi ne kududdufin ƙarshe da ake zuƙewa tas, da yaran da ke bin tsuntsu da danƙo a daidai lokacin da ƙishi ya hana shi gudu. Dagatai da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi za su iya ware tafki ɗaya ko biyu a bar su da ruwansu har saukar damina, malaman firamare kuma su riƙa kai ɗalibai da safe su koyi sunayen tsuntsayen daga bakin masunta.