Labarin Kamfanin Microsoft da Masu Sayar da Hajarsa

Ga wani al'amarin ciniki da ya auku a ƙasar Amurka, wanda ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

Ku sani, kamfanin Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, ba ya ƙera kwamfuta a wancan zamani. Hajarsa ita ce manhajar da ke tafiyar da na'urar, wato MS-DOS, daga bisani kuma Windows. Masu ƙera kwamfuta, irin su IBM da Compaq, su ke saye daga hannunsa, su zuba cikin na'urorinsu, su sayar wa jama'a. Ashe su ne dillalansa, amma dillalan da ba su da wani ubangida na biyu da za su koma wa.

To, ga dabarar da ya yi. Sai ya ce wa mai ƙira: zan rage maka farashi, bisa sharaɗin ka biya ni a kan kowace kwamfuta da ta fita daga masana'antarka, ko da manhajata a ciki ko babu. Wanda duk ya san ciniki ya gane inda aka dosa. In mai ƙira ya yi sha'awar sa DR-DOS, wadda take kishiyar MS-DOS, lalle ya biya sau biyu a kan na'ura guda. Wane ɗan kasuwa zai yarda da haka? Ba a hana shi zaɓi da baki ba, an dai sa wa zaɓin tsada har ya gagara. A Yulin 1994 gwamnatin Amurka ta sa kamfanin ya yi alkawarin barin wannan sharaɗi.

Amma hali zanen dutse. A 1995 IBM na sayar da manhajojinsa da ke gasa da na Microsoft, sai aka ja masa rai kan izinin Windows 95, bai samu ba sai saura minti 15 a fara bikin fito da ita, ran 24 ga Agusta. Abokan gasarsa kuwa tuni sun shirya kayansu. A 1996 Compaq ya cire alamar Internet Explorer daga fuskar wasu na'urorinsa, sai takarda ta iso cewa za a soke izininsa. Ya mayar da ita. A ganina wannan ya fi na IBM muni, domin Compaq babban mai saye ne, kuma na'urar tasa ce.

Gwamnati ta kai ƙara a 1998. Alƙali Thomas Penfield Jackson ya tabbatar da waɗannan abubuwa a 1999, a 2000 kuma ya yi umurni a raba kamfanin gida biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe rabawar a 2001, amma ta tabbatar da cewa ya keta doka wajen tsare mamayar kasuwarsa. Daga nan aka yi sulhu: manyan masu ƙira 20 su samu Windows bisa sharuɗɗa iri ɗaya, kada kuma a yi ramuwa a kan wanda ya ɗauki hajar wani. Aka yi ta sa ido a kan wannan sulhu har wa'adinsa ya cika a Mayun 2011.