Ƙwarya, Gwangwani da Katakon Mapul: Me Ke Ba Jita da Gurmi Muryarsu?

  A wannan fitowa mun ɗauko tambaya daga darasin sauti na kimiyya: me ya sa kayan kiɗa biyu masu tsirkiya, ko da an ja tsirkiyarsu daidai wa daida, kowanne yake fita da muryarsa daban? Za mu auna jitar Turawa wadda ba ta amfani da wuta, musamman ta katakon mapul, da namu na gida irin su gurmi, garaya, kuntigi, goge da kukuma. Mun san akwai gidajen da ba a son kiɗan tsirkiya, kuma muna girmama hakan. Mu dai ilimin da ke cikin abin ne ya kawo mu.

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da ƙara

Sauti yana samuwa ne idan abu ya yi karkarwa ya tura iska zuwa kunnenmu. Tsirkiya siririya ce, iskar da take turawa kaɗan ce. Ku ja zaren roba tsakanin yatsu biyu ku kaɗa shi, da ƙyar na kusa da ku zai ji. Shi ya sa ake ɗora tsirkiya a kan wani ɗan ice da ake kira jaki. Jakin ne ke miƙa karkarwar ga fuskar abin kiɗan. Fuskar tana da faɗi, sai ta tura iska mai yawa. A ƙarƙashinta kuma akwai jiki mai rami, wanda iskar cikinsa ke amsawa ta ƙara wa sautin kauri.

Ke nan abu uku ne ke aiki tare: tsirkiya, fuska da jiki. Tsirkiya ce ke yanke ko sautin zai yi sama ko ƙasa. Mai kauri da tsawo tana karkarwa a hankali, sai ta ba da murya ta ƙasa. Siririya gajera da aka ja sosai tana karkarwa da sauri, sai muryar ta yi sama. Sautin da masu jita da fiyano ke saita kayansu da shi yana karkarwa sau 440 a daƙiƙa ɗaya. Fuska da jiki kuwa su ne ke sa mu gane cewa wannan gurmi ne, wancan jita ce, ko da idonmu a rufe.

Mene ne mapul?

Mapul bishiya ce ta ƙasashen sanyi kamar Kanada, Amurka da Turai. Ganyenta ne ja ɗin nan da ke tsakiyar tutar Kanada tun 1965, kuma daga ruwan jikinta suke dafa wani abu mai zaƙi kamar zuma. Katakonta fari-fari ne, mai tauri da nauyi, wani lokaci da zane a jikinsa kamar igiyar ruwa.

A jita, da mapul ake yin baya da gefe. Fuskar kuwa galibi da wani katako mara nauyi ake yin ta, mai suna sifurus, ɗan gidan bishiyar nan ta Kirsimeti. Wannan haɗin tsoho ne. Antonio Stradivari, wanda ya zauna a garin Cremona na Italiya ya rasu a 1737, da shi ya riƙa yin gogen Turawa: baya mapul, fuska sifurus. Har yau ana sayar da gogensa kan miliyoyin daloli.

Masu kaɗa jita suna cewa muryar mapul tana fita tar, kowace tsirkiya ana jin ta a ware, kuma sautin ba ya daɗewa yana yawo bayan an kaɗa. Suna auna ta da katako biyu. Na farko rozuwud, baƙi-baƙi mai nauyi, wanda suke cewa muryarsa ta fi zurfi kuma tana jan lokaci kafin ta mutu. Na biyu mahogani, ja-ja, wanda muryarsa ke tsaka-tsaki da taushi. Mahogani ba baƙo ba ne a wurinmu, domin maɗacin da muke shan inuwarsa a titunan Kano ɗan gidan mahoganin Afirka ne. Saboda muryar mapul ba ta cakuɗewa, mawaƙan da ke kiɗa cikin taron makaɗa da yawa suna son ta, don ana jin ta a tsakiyar ganguna da sauran kaya.

Mapul biyu, murya biyu

Duk da haka, jita biyu na mapul ba sa yin murya ɗaya. Kamfanin Gibson na Amurka ya fito da wata babbar jita a 1937, wadda aka fi sani da J-200. Da farko da rozuwud ake yin bayanta, bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka koma mapul. Faɗin cikinta inci 17 ne, kuma Elvis Presley yana cikin waɗanda suka riƙe ta. Girman ramin cikinta yana ba ta muryar ƙasa mai ƙarfi, mapul ɗin kuma yana hana muryar yin dishi-dishi. Idan aka yi ƙaramar jita da katakon nan dai, muryarta za ta fi siranta, ba za ta cika ɗaki kamar babbar ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin katako guda da wanda aka manna falle-falle da gam. Jitocin da ba su da tsada yawanci na falle-falle ne, da ɗan siririn mapul a sama don kyan gani. Ido zai ce mapul ne, amma kunne bai cika yarda ba.

Namu na gida

Yanzu mu dawo gida, mu ga ko dokar ta canza. A kayanmu fata ce fuska. Jiki kuma ko ƙwarya, ko ice, ko gwangwani.

Gurmi: jikinsa rabin ƙwarya ne da aka rufe da fata irin ta damo, da doguwar sanda da tsirkiya biyu ko uku. Ƙwarya ba ta da nauyi, bayanta kuma yana da tauri, sai muryar gurmi ta fito a bushe, a sarari. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja da gurmi ya yi suna.

Garaya: jikinta sassaƙaƙƙen ice ne, tsirkiyarta biyu, kuma an san ta da maharba. Ana kaɗa ta da guntun busasshen ƙirgi, a kan sandarta kuma akan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba da ke kacau-kacau tare da kiɗan. Babbar yayarta ita ce komo, mai jikin babban duma, wadda muryarta ta fi zurfi nesa ba kusa ba. Bambancin garaya da komo shi ne dai bambancin ƙaramar jita da J-200.

Goge da kukuma: su ba kaɗa su ake yi da yatsa ba, goga su ake yi da baka mai gashin wutsiyar doki. Dukansu ƙwarya ce da fata, amma kukuma ƙarama ce, shi ya sa muryarta ta fi ta goge tsini. Iyayenmu sun san kukumar Garba Supa da ta Hassan Wayam.

Kuntigi: wannan ne ya fi ba mu mamaki. Jikinsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya, tsirkiyarsa ɗaya tak. Da shi Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015, ya zaga ƙasashen duniya. Ƙarfen gwangwani yana da tauri, raminsa ƙarami ne, sai muryar ta fito siririya, ta tsaya nan take, ta bar wa mawaƙi fili kalmominsa su fita. Abin da ake yabon mapul da shi ke nan, ga shi a gwangwanin da muke jefarwa a bola.

Yadda suke a hannu

Ban da kunne, hannu ma yana da nasa hukuncin. Jitar mapul babba tana da nauyi, yaro kamarmu sai ya miƙa hannu sosai kafin ya zagaye ta. Tsirkiyoyinta shida na ƙarfe ne, suna cin yatsun mai koyo har sai sun yi kanta. A wuyanta akwai ƙananan ƙarafa a jere da ke nuna inda za a danna. Gurmi da garaya ba su da waɗannan ƙarafa. Sandarsu zagayayya ce sumul, makaɗi da kunnensa yake gano inda zai sa yatsa. Kuntigi kuwa a tafin hannu ɗaya yake zama, ana iya sa shi a aljihun babbar riga.

Yanayin garinmu ma yana taɓa su. Da hunturu, iska tana busar da katako, jita mai katako guda tana iya tsagewa idan aka bar ta a fili. A lokacin ne kuma fatar gurmi ke ɗamewa, muryarsa ta yi kyau. Da damina sai abin ya juya: fata ta sha danshi ta saki, sai an shanya ta a rana ko an kara ta kusa da wuta kafin ta dawo daidai.

Fuska ce ko jiki?

Wanne ya fi tasiri a cikin biyun? Wani masassaƙin jita ɗan ƙasar Sifen, Antonio de Torres, ya gwada a 1862. Ya yi jita mai fuskar katako mai kyau, amma baya da gefe na kwali. Jitar ta yi kiɗa, kuma tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barcelona.

A 2018 masu bincike daga Jami'ar Lancaster ta Ingila sun buga sakamakon wani gwaji. An yi jita shida iri ɗaya, bayansu da gefensu ne kawai aka bambanta. A cikin katakan akwai mapul, rozuwud, mahogani da safele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta. Aka ba ƙwararrun makaɗa su kaɗa ba tare da suna ganin launin katakon ba. Da ƙyar suka iya bambancewa, kuma mai tsada bai yi wa mai araha nisa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan ganin ne yake ruɗin jin.

Abin da muka fahimta shi ne, fuska da girman rami da hannun wanda ya haɗa abin su ne manya. Irin katakon jiki yana ƙara ɗanɗano ne, kamar daddawa a miya. Shi ya sa gwangwanin kifi da fatar akuya mai kyau suka ishi Ɗan Maraya.

Ku gwada da kanku

Ku nemi abu uku masu kusan girma ɗaya: gwangwanin madara, ƙoƙo da ƙaramin kwali. Ku rufe bakin kowanne da takarda mai kauri, ku ɗame ta sosai, ku ɗaure. Ku zagaya zaren roba iri ɗaya a kan kowanne, ku sa guntun fensir a ƙarƙashinsa ya zama jaki. Ku kaɗa, ku saurara. Daga nan ku cire takardar gwangwanin ku sa leda mai kauri a madadinta. Wanne ya fi canza muryar, sauya jiki ko sauya fuska? A ƙarshe ku sa abokinku ya juya baya, ku ga ko zai iya faɗin wanda kuka kaɗa. Ku rubuta abin da kuka samu ku ba kowane ɗan ƙungiyarmu, za mu liƙa amsoshin a fitowa ta gaba.

Abin da ke neman kuɓuce mana

Kayan haɗa gurmi duk suna kusa da mu a nan Ƙofar Mazugal. Ana sayar da ƙwarya a Kasuwar Kurmi, majema suna jima a Ƙofar Wambai. Amma a bukukuwan unguwa yanzu sifika da waƙoƙin situdiyo muke ji, waɗanda aka haɗa da fiyano da kwamfuta. A cikinmu da yawa za su gane jita a hoto, amma ba za su bambance garaya da gurmi ba. Mai haɗa gurmi bai rubuta iliminsa a littafi ba. Da ƙwanƙwasa ƙwarya yake gane wadda za ta yi murya, da taɓa fata yake sanin ko ta ɗamu. Idan ya rasu ba wanda ya koya, ilimin ya tafi da shi.

Itatuwan ma suna raguwa. Madobiya, wadda ake kira rozuwud ɗin Afirka, an sare ta da yawa a jihohi irin su Taraba ana kai wa ƙasar Sin, har aka sa ta a jerin yarjejeniyar CITES mai taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke cikin haɗari, daga 2017. A shekarar ne kuma aka tsaurara cinikin rozuwud a duniya, abin da ya sa kamfanonin jita suka ƙara waiwayar mapul da sauran katakai.

Banjon Amurka ma asalinsa kayan kiɗa ne na duma da fata da bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma suka riƙa haɗawa a can. Wasu sun ɗauki dabarar kakanninmu sun raya ta. Muna roƙon kowannenmu ya tambayi kakansa ko kakarsa sunan kayan kiɗan da suka sani, da abin da ake yin su, da wanda ke haɗa su a unguwarsu, ya rubuta ya kawo mana. Muna kuma roƙon malamanmu na kimiyya, idan an zo darasin sauti, a shigo da ƙwarya da fata cikin aji tare da hoton jitar da ke littafi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.