Mujiya a Fagen Daga: Yadda Boka Ke Cin Moriyar Dabbarsa a Dungeons & Dragons

Waɗanda suka buga Baldur's Gate 3 a kwamfuta, ko suka kalli fim ɗin Dungeons & Dragons na 2023, da yawa ba su san asalin abin wasan tebur ba ne. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974, kuma har yau ba ya bukatar wutar nefa ko data. Mutum huɗu ko biyar ne za su zauna, ɗaya ya zama mai ba da labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa faɗin abin da zai yi, kamar tatsuniyar da masu sauraro ke da baki a ciki. Idan abu zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20. Filin faɗa kuwa takardar giraf ce, kowane gida ƙafa 5. Wanda ya taso kusa da kasuwar Dawanau ba sai ya sayi 'yan gumakan roba masu tsada ba: ƙwayar wake jarumi, ƙwayar masara abokin gaba, gyaɗa dodo.

Na san inda hankalin wasu zai tafi da jin kalmar boka. Ko a Amurka an yi wannan cece-ku-ce a shekarun 1980, iyaye da malaman coci suna zargin wasan da koyar da tsafi. Abin da ke kan teburin dai fensir ne da lissafi, ba surkulle, ba kuɗin caca. Duk da haka, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ko saboda sunan ko saboda jifan ɗan lido da wasu malamai ke ƙyama, ya bar shi, kada kuma abokai su matsa masa.

To, mu koma kan boka. A matakin farko shi ne mafi rauni a tawaga. Makin ransa 6 ne da ɗan ƙari, sara biyu masu kyau sun kwantar da shi. Abin da ke ceto shi sau da yawa wata dabara ce mai suna Find Familiar, wadda ke ba shi dabbar rakiya. A dokokin bugu na biyar na 2014, kiranta na cin awa ɗaya da kayan turare da gawayi na zinare 10 a kuɗin wasan. Zai zaɓa daga jerin ƙananan halittu: kyanwa, ɓera, jemage, shaho, hankaka, gizo-gizo, ƙadangare, kwaɗo, maciji, mujiya da sauransu.

Sai ga dokar da ke kashe wa sababbin shiga jiki: dabbar ba ta kai hari. Ko cizo ɗaya. Mutum ya zaɓi maciji mai dafi yana murna, a gaya masa ba ya sara, sai ya jefar da shi a aljihu ya manta. Nan ne asarar take, domin dokar ta hana hari ne kawai, ta bar duk sauran ayyuka. Ku tuna karen mafarauci a dajin rani. Ba lallai shi zai kashe zomo ba, amma shi ke tado shi daga ƙaiƙayi har gora ta same shi.

Babban aikin shi ne wanda wasan ke kira taimako. Dabbar za ta matso dab da abokin gaba, cikin ƙafa 5, ta ɗauke masa hankali, ta yi masa fiffike a fuska ko ta shige tsakanin ƙafafunsa. Sakamako: wanda ya fara kai masa hari daga ɓangarenku zai jefa ɗan lido biyu ya ɗauki wanda ya fi girma. 'Yan sashen lissafi su gwada mana. Idan kana bukatar 11 ko sama, jifa ɗaya na ba ka kashi 50 cikin ɗari. Da biyu, sai duka sun faɗi kafin ka rasa, wato rabi sau rabi, kashi 25, saboda haka nasara ta koma kashi 75. Idan abokin gaban mai sulke ne kana bukatar 16, za ka tashi daga kashi 25 zuwa kusan 44. Kuma wannan kyauta ce a kowane zagaye, boka bai kashe komai daga juyinsa ba, tunda dabbar tana da nata juyin daban.

Wa ya kamata ya ci wannan gajiyar? Ba bokan ba, galibi. Ɗan sari-ka-noƙe na tawaga ya fi kowa bukata, domin jifa biyun na buɗe masa harinsa na ba-zata mai ƙarin ɓarna. Sai dai taimakon na hari ɗaya ne tak, na farko. Idan wani mai ƙaramin duka ya riga shi, ya cinye. Don haka a duba jerin juyi tun farkon faɗa, a ga wa ke biye da dabbar.

Abin dariyar shi ne, tsuntsun da ya fi kowa iya wannan aiki shi ne wanda mu a nan ba ma son jin kukansa a kan katanga. Mujiya. A dokar wasan, duk wanda ya juya baya ya bar gaban abokin gaba, ana samun damar kai masa sara kyauta. Mujiya kaɗai a jerin aka ɗauke wa wannan idan tana tashi. Tana cin ƙafa 60 a juyi guda, ke nan ta shiga 30, ta yi taimako, ta fito 30, ba wanda ya taɓa ta. Ga gani cikin duhu har ƙafa 120. Wadda tsuntsaye ke taruwa su tsangwama da rana, a kan tebur ita ce 'yar lele.

Aiki na biyu, isar da saƙo. Akwai dabarun da sai boka ya taɓa mutum da hannu suke ci, kuma mai makin rai 7 ba shi da dalilin zuwa gaban mai gatari. Muddin dabbar na cikin ƙafa 100, zai yi dabarar daga inda yake, ita ta kai taɓawar. Akwai ma wata, Dragon's Breath, daga littafin Xanathar's Guide to Everything na 2017, da ake ɗora wa dabbar ta riƙa feso wuta tsawon ƙafa 15. Fesin ba ya cikin abin da dokar ke kira hari, don haka ya halatta, duk da wasu masu ba da labari na murtuke fuska.

Boka na iya gani da idon dabbarsa ya ji da kunnenta. Wannan na leƙen asiri ne kafin a fara, a san mutum nawa ke bayan ƙofa. A tsakiyar faɗa kada a kuskura, domin a dokar 2014 yana cinye aikinsa na juyin, kuma jikinsa na zama makaho kurma a inda yake tsaye.

Ita fa mujiyar nan makin ranta 1 ne. Kibiya ɗaya, ko gefen wutar da bokan kansa ya jefa, ta ɓace. Ba mutuwar har abada ba ce, amma dawo da ita sai wata awa da wasu zinare 10, kuma a cikin kogo ba a sayar da turare. Idan aka ga abokan gaba masu baka ne, gara boka ya ɓatar da juyi ɗaya ya ɓoye ta, ko ya sa ta laɓe bayan bango. Mai ba da labari mai wayo kuma ba zai zuba ido ana yi wa 'yan fashinsa fiffike zagaye uku ba. Zai sa ɗaya ya ɗana baka yana jiran ta sauko, kuma bai yi zalunci ba, ko kai ne abin da za ka yi ke nan. Shi ya sa ya fi kyau tun daren farko ku zauna da shi ku yanke: zai yarda da fesin wutar? Dabbar za ta jefa nata ɗan lidon na jerin juyi kamar yadda littafi ya ce, ko za ta bi bayan ubangidanta don sauƙi? Amsar ta biyun ce ke nuna wanda zai riƙa cin jifa biyun nan har ƙarshen zangon karatu.