Hukunci a Arusha, rusau a dajin Mau

A farkon watan Nuwamban 2023 jami'an gandun daji na Kenya suka dira a Sasimwani, cikin dajin Mau, suka rusa gidajen 'yan ƙabilar Ogiek, wasu gidajen ma aka cinna musu wuta. Mutum wajen ɗari bakwai suka wayi gari babu makwanci, ga ruwa ana tafkawa. Korar talaka daga muhallinsa abu ne da muka saba ji a Afirka. Wannan ta tsaya mini a rai ne saboda mutanen da aka kora suna riƙe da hukuncin kotu har guda biyu. Ranar 26 ga Mayun 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi da ke Arusha ta ce Kenya ta tauye musu haƙƙin ƙasa da na addini da na al'ada. Ranar 23 ga Yunin 2022 ta ƙara da umarnin a biya su diyyar shilin miliyan 157 da ɗoriya, a shata musu ƙasar kakanninsu, a ba su takardar mallaka da sunan al'umma gaba ɗaya. Wata goma sha shida da 'yan kwanaki bayan haka aka aiko musu da masu rusau.

Makwabtansu 'yan Endorois sun riga su ɗanɗana wannan. An tashe su daga bakin tafkin Bogoria a shekarun 1970 don a yi gandun namun daji, suka yi nasara a Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi a 2010, har yanzu ƙasar ba ta dawo hannunsu ba. Kada kuma a ce ciwon Afirka ne kaɗai. A Oktoban 2021 Kotun Ƙolin Norway ta ce injinan samar da lantarki ta iska guda 151 da aka kafa a Fosen sun keta haƙƙin makiyayan Sami masu kiwon barewar ƙanƙara. Injinan suka ci gaba da juyawa, sai da matasan Sami suka tare ƙofofin ma'aikatu a Oslo a 2023 kafin a zauna sulhu, sulhun kuma ya bar injinan a inda suke. Ƙananan al'ummomi sun ƙware wajen cin shari'a, gwamnatoci su ma sun ƙware wajen yin kunnen uwar shegu.

A ganina tushen matsalar ɗaya ne: gwamnati tana maraba da al'ada muddin rawa ce da kiɗa da kayan ado na ranar biki, da zarar ta zama maganar fili sai fuska ta canja. Alhali ga mutumin Ogiek babu inda za a raba biyun. Amyarsa a bishiyar dajin take rataye, zumar da ake kaiwa wajen neman aure daga nan take fitowa, wuraren ibadarsa da kaburburan iyayensa duk suna ciki, sunayen itatuwa da magunguna da yaro ke koya daga bakin kakansa sai a tsaye a gindin bishiyar ake koyonsu. In aka kwashe shi aka ajiye a bakin titi, babu wanda ya hana shi yin harshensa, amma jikansa zai taso da Suwahili da kalmomi kaɗan na wani daji da bai taɓa kwana a ciki ba.

Dokar duniya kuwa da gangan aka gina ta don ta kauce wa wannan magana. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manyan ƙasashe suna tuna yadda Hitler ya fake da kare Jamusawa 'yan tsiraru ya haɗiye Sudeten, sai suka ce haƙƙin mutum ɗaya-ɗaya ya wadatar. Lauya Raphael Lemkin ya so a sa kashe al'adar wata al'umma cikin yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi ta 1948, aka cire. Da aka zo yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa ta 1966, sashe na 27 ya yi magana ne a kan mutanen da suka fito daga 'yan tsiraru, ya kuma tsaya a kan cewa kada a hana su al'adarsu da addininsu da harshensu. Al'ummar kanta ba a ba ta komai ba. Ko wannan ɗan abin Faransa ta ce bai shafe ta ba, wai ita jamhuriya ce da ba ta san wasu 'yan tsiraru ba.

Afirka ta yi kamar za ta fita daban. Yarjejeniyarta ta 1981 ta sa kalmar al'ummomi a cikin sunanta, sai dai ba ta faɗi su wane ne al'ummomin ba, shugabannin lokacin kuma da yunƙurin ɓallewar Katanga da Biyafara a zukatansu, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Shi ya sa ƙasashen Afirka suka jinkirta sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan asalin ƙasa a 2006, sai da aka ƙara sharaɗin cewa ba za a taɓa iyakar kowace ƙasa ba. Da aka kaɗa ƙuri'a a Satumban 2007, Najeriya da Kenya suna cikin goma sha ɗayan da suka ƙaurace. Sannan wa aka ɗora wa bibiyar hukuncin Arusha? Majalisar ministocin Tarayyar Afirka, wato wakilan gwamnatocin da ake ƙara. An ba kura ajiyar nama. Ƙasashen da kotun ta matsa wa lamba ma, irin su Ruwanda da Tanzaniya da Benin da Kodebuwa, janye damar da 'yan ƙasarsu ke da ita ta kai ƙara kai tsaye suka yi.

Masu ɗari-ɗari da haƙƙin al'umma suna da abin faɗa, ban musa ba. Wa ke magana da yawun al'umma, dattawan da ke zaune a fada ko matar da al'ada ta hana gado? Bahaushen Jos kuma ya san yadda kalmar ɗan asali ke zama makamin hana wanda aka haifi kakansa a gari takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wannan haɗari ne na gaske, amma bai shafi abin da ya faru a Mau ba. Ogiek ba su nemi korar kowa daga makaranta ko aikin gwamnati ba. Hujjar Kenya ita ce kare dajin, don shi ne mafarin koguna da dama, har da Mara. Kotu ta duba ta ce ba a nuna cewa Ogiek ne suka cinye dajin ba. Yankan filaye da gwamnati ta yi wa wasu, da saran katako, da kutsen baƙi su ne manyan dalilai.

Illar wannan hali ta wuce Kenya. Duk al'ummar da ke kallo, daga Gwarawan da Abuja ta ture tun dokar 1976 har Mbororo na Kamaru, tana koyon cewa shekara goma a kotu za ta iya ƙarewa da takarda a hannu da toka a tsakar gida. Su kuma gwamnatoci sun gano cewa ƙin bin hukunci ba ya jawo musu asarar rance ko kujera a wani taro. Yanzu da kuɗin kare muhalli ke kwararowa dazuzzuka suna ƙara daraja, kwaɗayin korar mazauna cikinsu ƙaruwa zai yi.

Hukumar Afirka ta miƙa ƙarar Ogiek ga kotu a 2012, a kan takardar tashi ta kwana talatin da aka ba su tun Oktoban 2009. Yaran da aka haifa a shekarar da takardar ta fito sun kai sha huɗu a ranar da aka rusa Sasimwani.